Kafin Ka Canza Kan Inji: Darasi Daga Injinan Jiragen Ruwa Zuwa Injin Ban Ruwa Na Fadamar Gummi

 Yau za mu ɗan ajiye maganar wayoyi da manhajoji mu shiga gareji, amma ka riƙe wayarka a hannu, domin kyamararta da tocilanta da kalkuletarta duk za su yi mana aiki.

Duk wanda ya san bakin Gulbin Zamfara, daga Anka zuwa ƙasar Bukkuyum har Gummi, ya san ƙarar injin ban ruwa da rani. A cikin gari kuma ga injin niƙa, ga janareta, ga manyan injinan dizal masu silinda ɗaya da ke jan injin casar shinkafa. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya fara tafasa ruwa ko ya ƙi tashi, abin da bakanike ya fi saurin faɗa shi ne "tof ya tafi". Sai a buga waya Gusau ko Sakkwato ko Kano, a tura kuɗi, a jira direba ya kawo saƙo. Idan kan da aka kawo bai dace ba, an yi asarar kuɗi, an yi asarar kwanaki, ga albasa ko shinkafa na jiran ruwa, kuma kowa ya san hanyoyin yankin nan ba a son yawan zirga-zirga a kansu a wannan zamani. Abin da ya fi muni shi ne kan ya zauna daram, noti ya ɗauru, inji ya tashi, amma a ciki bai dace ba. Irin wannan sai ya ci maka fistin da bulok kafin ka farga.

Darasin namu a kan wannan matsala ta biyu ya fi tsayawa.

Mene ne kan inji?

Kan inji, wanda kanikawa ke kira tof, shi ne murfin ƙarfen da ke rufe saman silinda. A cikinsa ne bawul na shigar iska da bawul na fitar hayaƙi suke, da hanyoyin da iskar da hayaƙin ke bi, da ramin fulogi a injin fetur ko ramin nozul a injin dizal. A injin da ruwa ke sanyaya shi akwai kuma hanyoyin ruwa a cikin cikinsa. Tsakaninsa da bulok akwai gasket, wanda aikinsa hana wuta da ruwa da baƙin mai haɗuwa.

Abu mafi muhimmanci a jikinsa shi ne ɗan kwarmin da ke fuskantar fistin. Idan fistin ya hau sama ya ƙure, duk iskar da ya zuƙo a nan take matsuwa kafin ta kama da wuta. Girman wannan kwarmi shi ke yanke yawan matsin inji. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa da lissafi.

Abin da masu jiragen ruwa a Amurka suka daɗe da koya

Idan ka rubuta maganar canza kan inji a YouTube, daga cikin bidiyon da za su fito maka akwai na manyan injinan Chevrolet masu silinda takwas, irin su 454, mai cin lita 7.4, wanda ya fara fitowa a 1970. Kamfanoni irin su MerCruiser da Volvo Penta da Crusader sun ɗauki wannan inji sun mayar da shi na jiragen ruwa na shaƙatawa da na kamun kifi. Ba za ka ga irinsa a Gulbin Zamfara ko Gulbin Ka ba, nan kwale-kwalen katako ne ke ƙetarar da mutane. To me ya haɗa mu da shi?

Abin da ya haɗa mu shi ne irin wahalar da yake sha. Mota tana da giya, tana samun gangara, tana tsayawa a danja ta huta. Jirgin ruwa ba shi da gangara. Muddin farfela na juyawa a cikin ruwa, injin na ɗauke da kaya, kuma da ka ƙara gudu kaɗan nauyin da ruwa ke ɗora masa yana ƙaruwa ninki-ninki. Haka injin ban ruwa yake, haka injin niƙa yake idan layi ya yi tsawo ranar kasuwa. Sa'o'i a jere cikin kaya, ba hutu. Ƙaramin kuskure a kan inji wanda mota za ta yi shekara tana jurewa, irin wannan aiki zai tona shi cikin kwanaki.

Masu jiragen sun gano abubuwa da dama ta hanyar asara. Kawunan 454 iri-iri ne duk da ramukan notinsu ɗaya ne. Akwai masu hanyar iska mai siffar ƙwai, akwai masu babbar hanya mai kusurwa huɗu, akwai kuma masu 'yar ƙarama da suke kira mai siffar gyaɗa, wadda aka fi sakawa a manyan motocin ɗaukar kaya. Mutum zai ga babbar hanya ya ce ai ita ce ƙarfi. Amma babbar hanya sai inji na gudu sosai take amfani. A gudun da jirgi ya fi zama, wajen juyi 3,000 zuwa 3,500 a minti, iska tana tafiya a sanyaye cikin babbar hanya, sai jirgin ya yi nauyin tashi, ya ƙara shan mai. Shi ya sa kawuna masu hanyar ƙwai, irin masu lambar zubi da ta ƙare da 781 ko 049, suke da farin jini a wurinsu har yau. Bayan haka, wanda ya canza siffar hanya dole ya canza manifol ɗin da ke kawo iskar, sai kuɗin ya ninka.

Sai maganar ruwa. A 1991 kamfanin General Motors ya sake fasalin wannan inji, ya fito da wanda ake kira Gen V, sannan Gen VI a 1996. Ramukan noti ba su canza ba, amma ramukan ruwa da ke saman bulok sun canza siffa. Wanda ya ɗauki tsohon kai na zamanin Mark IV ya ɗora a kan bulok na Gen V ba tare da gasket ɗin da aka yi don wannan haɗi ba, ruwa na iya zurarewa ya gangara cikin baƙin mai. Daga waje ba ka ganin komai. Sai ranar da ka zaro sandar duba mai ka gan ta kamar shayi mai madara.

Akwai kuma ƙarfen da aka yi kan da shi. Na alminiyam ya fi sauƙin nauyi, ya fi saurin fitar da zafi, amma yawancin waɗannan jirage ruwan da suke tafiya a kansa suke zuƙa su sanyaya inji, kuma ruwan gishiri yana cinye alminiyam. Don haka mai jirgi a teku yakan haƙura da baƙin ƙarfe na zubi duk da nauyinsa. Mu ba mu da gishiri a gulbi, amma muna da laka da yashi, kuma za ka ga nasu ta'adin a ƙasa.

Fara da tabbatar da cewa kan ne ya lalace

Da yawa daga cikin kawunan da ake cirewa a jefar, lafiyarsu ƙalau. Gasket ne ya ƙone, ko bawul ne bai zauna ba, ko ma ringin fistin ne ya cinye.

A injin dizal mai tankin ruwa a samansa, buɗe idonka a kan ruwan lokacin da inji ke aiki kuma bai yi zafi ba tukuna. Idan kumfa na tasowa a kai a kai kamar ana hura shi da tsinke, wuta na ratsawa cikin ruwa, ko dai ta gasket ko ta tsagewa a kan. Farin hayaƙi mai danshi daga salansa, ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, baƙin mai ya koma fari, duk alamun abu ɗaya ne. Ƙaramin injin ban ruwa na fetur iska ce ke sanyaya shi, don haka nasa alamun daban: za ka ji yana huci ta gefen kai, ka ga baƙin toka da mai a layin da kai ya haɗu da bulok, ƙarfi ya ragu, ruwan da ke fita daga tiyo ya yi sanyi-sanyi. Kada saukin jan igiya kaɗai ya ruɗe ka, domin injinan Honda GX da kwaikwayonsu suna da wata dabara a ciki da ke ɗan buɗe bawul lokacin tayarwa don igiyar ta yi sauƙi.

Ga gwaji mai arha a injin fetur. Cire fulogi, zuba baƙin mai kamar ƙaramin cokali ɗaya a ramin, mayar da fulogi, ja igiya. Idan ka ji ta yi tauri fiye da da, ringi ne matsalarka, sabon kai ba zai yi maka komai ba. Idan ba ta canza ba, sai a duba bawul da gasket. Wannan gwaji na fetur ne kawai. Kada ka gwada shi a dizal, domin matsinsa ya isa ya kunna man da ka zuba.

Bayan an cire kan, wanke shi da kananzir ya fita tas. Kifa shi, ka zuba kananzir a hanyar iska da ta hayaƙi, ka jira 'yan mintuna. Idan ya tsatso ta gefen bawul, bawul ɗin bai zauna ba, kuma sau da yawa giraindin da man gogawa ya isa. Sannan ka ɗora gefen rula ta ƙarfe mai kyau a fuskar kan, tsaye da kwance da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa, ka kunna tocilan waya a bayanta. Inda haske ya ratso, nan ya lanƙwashe. Da fila gej za ka san yawan lanƙwasar. Honda ta sa iyakar milimita 0.10 a kan GX160. Tsagewa kuwa ta fi son tsakanin kujerun bawul biyu, ko tsakanin ramin nozul da kujerar bawul. Tsoffin kanikawa suna jiƙa wurin da kananzir, su goge ya bushe, su barbaɗa garin alli. Bayan ɗan lokaci kananzir ɗin da ya maƙale cikin tsagewar zai fito ya zana layi a kan allin. Ɗauki hoto ka zuƙo shi a waya, za ka ga abin da ido bai gani ba.

Wani abu kuma da ya shafi mutanen bakin gulbi. Ambaliyar da ta afka wa Gummi a daminar 2024 ta nuna yadda ruwa ke iya shanye gida da kayan sana'a cikin dare ɗaya. Injin da ya nutse, kada a ja igiyarsa ko a murɗa hannunsa kafin a cire fulogi ko nozul a fitar da ruwan da ke cikin silinda, a kuma juye baƙin mai. Ruwa ba ya matsuwa. Idan fistin ya hau ya same shi, sandar da ke riƙe da fistin ce ke lanƙwasa. Daga nan inji ba zai ƙara samun matsi daidai ba, sai a ɗora wa kan laifi a sayo sabo a banza. In ka buɗe irin wannan inji, juya shi har fistin ya ƙure sama ka duba ko ya iso bakin bulok kamar yadda ya kamata.

Lissafin matsi, da sirinji da kalkuleta

Yanzu a ce an tabbatar kan ya tsage, dole a saya. A nan ne lissafi ya shigo, kuma bai fi ƙarfin ɗan aji uku na sakandare ba.

Yawan iskar da fistin ke zuƙa shi ne 0.7854 sau faɗin silinda sau faɗin silinda sau tsawon tafiyar fistin, duk a santimita. Honda GX160 faɗinsa milimita 68, tafiyarsa 45, sai ya ba ka cc 163. GX200 faɗinsa 68 ɗin dai, amma tafiyarsa 54, sai ya ba ka cc 196. Injinan China da suka cika kasuwa, waɗanda ake rubuta wa 5.5 da 6.5 a jikin murfin igiya kuma lambarsu ta fara da 168F, kwaikwayon waɗannan biyun ne. Tunda faɗinsu ɗaya, kan wannan yana hawa kan wancan, noti huɗu su ɗauru ba gardama. Mai shago zai rantse maka abu ɗaya ne, kuma shi ma a iya saninsa gaskiya ya faɗa.

Matsi shi ne iskar da aka zuƙa a haɗa da sararin da ya rage a sama, sannan a raba da wannan sarari. GX200 an yi shi a kan matsi 8.5, wato sararin da ya rage, kwarmin kai da kaurin gasket da ɗan kwarmin fistin gaba ɗaya, kusan cc 26 ne. To a ce ka ɗora masa kan da kwarminsa ya gaza na asali da cc 4. Sarari ya koma 22. Danna a kalkuleta: 196 a tara da 22, a raba da 22, ya ba ka 9.9. Idan bambancin cc 8 ne, matsin ya kusa 12. Masu tseren ƙananan motoci a ƙasashen waje da gangan suke yin wannan don samun ƙarfi, amma su suna zuba mai na musamman, tseren kuma na mintuna ne. Kai kuwa fetur ɗin bumburutu za ka zuba daga galan, a zafin watan Maris ko Afrilu, inji ya wuni yana jan ruwa. Zai fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ya ɗauki zafi, ƙarshe ya huda fistin ko ya sake ƙona gasket. Idan aka juya, aka ɗora kai mai babban kwarmi a kan mai cc 163, matsin zai faɗo wajen 7.3. Wannan ba zai fasa komai ba, sai dai inji ya zama rago, ya riƙa shan mai yana ba da ruwa kaɗan, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 babu manomin da ke da man da zai yi wasa da shi.

Masu 454 da wannan lissafi suke fama, sai dai lambobinsu manya ne. Kowace silinda tana zuƙar wajen cc 930, kawunan kuma akwai masu kwarmin kusan cc 100, akwai masu kusan 120. Bayan canjin matsi, fistin mai tudu a ka da aka yi don buɗaɗɗen kwarmi yana iya dukan kai mai matsattsen kwarmi.

Yadda za ka auna kuwa, sayi sabon sirinji na mililita 10 ko 20 a kemis. Mililita ɗaya daidai take da cc ɗaya. Kifa kan ya zauna daidai ba karkata, bawul duka a rufe, fulogi a ɗaure. Shafa giris siriri a kewayen kwarmin, ka ɗora ɗan gilashi ko roba mai haske wadda ka huda ƙaramin rami a gefenta. Ta ramin za ka riƙa zuba kananzir da sirinji kana ƙirgawa har kumfar iska ta ƙare. Yi wa tsohon kan, yi wa sabon. Idan bambancin bai wuce cc ɗaya ba, ci gaba da aikinka. Idan ya kai uku ko huɗu, tsaya ka sake tunani. A ganina wannan gwaji na minti goma ya fi duk rantsuwar mai shago.

Haka kuma ka tuna duk lokacin da aka kai kai wurin masu giraindin aka aske fuskarsa, kwarmin raguwa yake. A faɗin milimita 68, aske rabin milimita na iya cire har cc 1.8. Kan hannu da aka yi wa aski sau biyu, ko da lambarsa ta yi daidai da taka, ba shi ne na asali ba kuma.

Dizal: harafi ɗaya ya raba su

Manyan injinan dizal masu kwance, na kamfanoni irin su Changchai da Changfa na birnin Changzhou a China, sunansu ma bayani ne. A S195, lamba 1 na nufin silinda ɗaya, 95 kuma faɗin silinda a milimita. A ZS1115, silinda ɗaya ce mai faɗin milimita 115. Harafin Z da ke gaba yana nufin nozul na fesa mai kai tsaye a kan fistin. A irin wannan, fuskar kan a shafe take, kwarmin yana cikin saman fistin, nozul kuma mai ƙananan ramuka da yawa ne. Wanda ba shi da Z, kamar S195 ko S1100, yana da wani ɗan ɗaki a cikin kan inda iska ke juyawa a fesa mata mai, fistinsa kuma kusan a shafe yake, nozul ɗinsa mai rami ɗaya.

Saboda haka S1100 da ZS1100 faɗinsu ɗaya, amma kai da fistin da nozul na kowanne tafiyarsu tare. Ka haɗa kai mai ɗaki da fistin mai kwarmi, sarari ya yi yawa, inji ba zai tashi da sanyin safiya ba ko hannunka zai tsinke. Ka haɗa shafaffen kai da shafaffen fistin, iskar ba ta da wurin zuwa, kuma abin da zai biyo baya ba gyaran kai ba ne kuma.

Dizal ba shi da fulogi, zafin matsi ne ke kunna mai, don haka ya fi fetur jin ɗan canji. S195 yana zuƙar cc 815 a matsi 20, wato sararinsa kusan cc 43 ne kacal. Akwai al'adar da wasu ke yi ta ninka gasket biyu idan kai ya lanƙwashe. A faɗin milimita 95, ƙarin kaurin milimita ɗaya yana ƙara cc 7, matsin ya faɗo wajen 17. Sakamakon shi ne wahalar tashi a lokacin hunturu, farin hayaƙi, da mai da ke wanke jikin silinda. Gasket biyun ma ba sa daɗewa.

Me ke tsaga kawunan nan tun farko? Abu biyu ne suka fi yawa. Na farko, a bar ruwan tanki ya ƙone ƙurmus, sai yaron inji ya firgita ya kwara ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi. In ruwa ya ƙare, kashe inji, bar shi ya huce da kansa. Na biyu, ruwan gulbi ko na rijiya mai laka, wanda ke barin ɓawo a cikin hanyoyin ruwa. Ɓawon yana hana zafi fita daidai wurin da ya fi zafi, tsakanin bawul biyu. A bar ruwa ya kwanta a duro kafin a zuba, a kuma wanke tankin lokaci-lokaci. Injinan da ake rataya wa jiragen ruwa a Neja, wajen Yawuri, irin su Yamaha Enduro, kawunansu ba su da bawul ko kaɗan, amma yashi na cinye 'yar farfelar robar da ke tura musu ruwa, shi ya sa matuƙi mai hankali idonsa na kan siririn ruwan da ke tsartuwa daga bayan injin. Da ya tsaya, kai na gab da lanƙwasa.

Waɗanda suka mayar da injin ban ruwa ya koma aiki da gas na girki saboda tsadar fetur, su ma su lura. Gas busasshe ne, ba ya sanyaya bawul kamar fetur, kuma kujerar bawul ta hayaƙi takan nutse a hankali a kawuna masu arha. Alamar ita ce tazarar bawul na raguwa duk lokacin da aka duba. Mai gas ya fi kowa buƙatar duba saitin bawul a kai a kai.

Sayayya ta WhatsApp

Tunda yawanci ba kai za ka je Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano ba, hoto ne wakilinka. Ɗauki hoton farantin da ke jikin inji mai ɗauke da lambarsa. Idan da rubutun China ne, kyamarar Google Translate za ta juya maka shi zuwa Turanci. Ɗauki lambar da aka zuba a jikin tsohon kan. Ɗauki fuskarsa da rula a kwance a kai, yadda za a ga faɗin bawul da tazarar ramuka. Ka nemi mai shago ya turo maka irin waɗannan hotuna na nasa, ba hoton kwali ba. Kwali kowa na iya bugawa.

Idan da hali, tura tsohon gasket tare da direba a ɗora shi a kan sabon kai a yi maka bidiyo. Kowane ramin ruwa da na mai ya faɗa daidai kan ramin gasket. Wannan shi ne darasin Gen V da muka gani a sama, kuma yana faruwa a injinan China, domin masana'antu da yawa ne ke buga lamba ɗaya, kowa da ɗan bambancinsa. Tambayi ko kan tsirara ne ko ya zo da bawul da sifirin da roka. Idan tsirara ne, kada a zura tsoffin bawul haka nan, sai an yi musu giraindin sun zauna a sabuwar kujera. Ku yi magana kan mayarwa kafin ka tura kuɗi, a rubuce ko da muryar da za ta zauna a waya. Littafin injin kuma, nemo shi a intanet ka sauke ka ajiye ranar da sabis ke da kyau, domin a fadama ba lallai ka samu ba.

Tsakanin sabon kai mai arha da na hannu na asali, ni na fi karkata ga na hannu idan ya ci gwajin rula da kananzir da alli da sirinji. Idan ba za ka samu damar gwada shi ba kafin biya, sabon ya fi kwanciyar hankali.

Ɗaurawa

Kankare tsohon gasket daga saman bulok ba tare da ka ƙwarzane ƙarfen ba, ka toshe silinda da tsumma kada datti ya faɗa. Busar da ramukan noti, domin ruwa ko mai da ya taru a ƙasan rami yana sa ka ji kamar ya ɗauru alhali bai danne gasket ba. Sabon gasket kawai, a bushe, ba gam. Duba 'yan ƙarafan nan biyu da ke saita kai a mazauninsa, kada ɗaya ya bi tsohon kan ya tafi.

Ana ɗaure noti a gicciye ne, wannan kusurwa sannan wadda ke fuskantarta, a zagaye biyu ko uku, ana ƙara ƙarfi a hankali. Na GX160 da GX200 awonsa 24 ne a ma'aunin N·m, wanda bai kai yadda hannun saurayi ke so ba, kuma bulok ɗin alminiyam ne, zarensa na saurin cinyewa. Na manyan dizal ya ninka wannan sau da yawa, a littafinsa za ka gani. Sifana mai awo tana da tsada, amma kanikawa uku ko huɗu a layi ɗaya za su iya haɗa kuɗi su mallaki guda.

Sai saitin bawul, inji a sanyaye, fistin a ƙure sama lokacin da bawul biyu ke rufe. A tsoffin GX160 da yawancin kwaikwayonsu ana ba na iska milimita 0.15, na hayaƙi 0.20. Sabbin samfura na Honda tazararsu ta fi haka ƙanƙanta, na dizal kuma ta fi haka faɗi, don haka a bi littafin kowane inji. Kafin ka tayar, juya injin da hannu a hankali zagaye biyu cikakku. Idan ka ji ya ci karo da wani abu, kada ka tilasta, bawul ne ke taɓa fistin. Mai shakka zai iya manna ɗan cingam a saman fistin, ya ɗaura kan, ya juya, ya sake buɗewa ya ga zurfin sawun da bawul ya bari. A dizal kada ka manta da wasar jan ƙarfe da ke ƙarƙashin nozul, sabuwa guda ɗaya mai kaurin ta asali, domin ita ke yanke yadda bakin nozul zai leƙo. Bayan inji ya yi aiki ya yi zafi ya huce, a sake bin notin dizal da sifana, a sake duba bawul.

Akwai gargaɗi na musamman ga masu gyaran injinan da ke niƙa dutsen zinariya. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Abare da Dareta da Sunke da 'Yargalma da Tungar Guru, inda yara fiye da 400 suka rasu, kuma ƙurar dutsen da ake niƙawa ce ta jawo. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a Disamba 2024. Ƙurar nan tana manne a jikin inji, a cikin matatar iska, a hanyar iska ta kai. Ita ce ke cinye bawul da ringi da wuri, kuma ita ce bakanike ke kwasa a riga da farce ya kai gida. Irin wannan kai kada a hure shi da baki ko da iska, a jiƙa shi a wanke a wurin aiki, nesa da gida da rijiya. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kayan aikin kuma a tuɓe su a can, kada su shiga inda yara ke rarrafe.